Kabarin da Na Tona a Ƙasar Ailan

Tun da na dawo ban huta ba. In na zauna a majalisarmu ta bakin kasuwar Gummi, tambaya. In na sauka a tashar Anka in sha ruwa, tambaya. A makarantar da nake koyarwa a Bukkuyum kuwa, har hedimasta yakan bar ofis ya biyo ni gindin bishiya. Abokina Ɗanjuma tela, wanda bai taɓa wuce Gusau ba amma ya fi kowa sanin Turai, kullum cewa yake, "Malam Sani, kai dai hwaɗa muna gaskiya, mi kat tahi yi? Kowa na zuwa Turai shi dawo da ƙiba, kai ka dawo awa sanda." Gaskiyarsa, na rame. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu ina tsallake inda ya fi nauyi, shi ya sa na ce bari in rubuta shi gaba ɗaya. Abin da nake tsallakewa shi ne, kabari na je tonawa, kuma na san haka tun kafin in bar gida.

Mahaifiyata, Inna, maginiyar tukwane ce a Gummi. Shekara biyu da suka wuce wata Baturiya mai suna Dakta Nora ta zo daga wata ƙasa da ake kira Ailan, tana neman matan da ke gina tukunya da hannu. Lokacin hutu ne, aka ce in yi mata tafinta. Wata guda ta yi a tsakar gidanmu zaune kan turmi, tana kallon Inna tana kwaɓa yumɓu, tana rubutawa kamar wadda za a yi wa jarrabawa. Ta ce a ƙasarsu mutanen farko sun yi irin tukwanen nan masu zagayayyen gindi, amma sana'ar ta mutu tun dubban shekaru, sai tsingaro a cikin ƙasa. Bana sai ga wasiƙarta. Tana tona wani tsohon kabari na mutanen nan, tana so in je in yi mako shida, domin na tashi cikin yumɓu, hannuna ya san abin da littafi bai sani ba.

Na yi kwana uku ina juya yadda zan gaya wa Inna. Da na tashi sai na ce, "Inna, kuhwai na za mu dubawa, irin wanda ab bayan Bukkuyum."

Ta ɗago ta dube ni, hannunta na cikin wata randa da take shafewa. Ta ce, "Kuhwai ko kushewa? Na ga hotunan da yarinyag ga tag gwada min. Duwatsu na jere."

Na ce kufai ne.

Ta ce, "To ɗauki alkawali. Tsingaro ka taɓa, dutsi ka taɓa. Amma kak ka taɓa ƙashin ɗan Adam. Wanda yak kwanta anka ruhe shi, ba ruwanka da shi."

Na ɗauka, bakina bai ko yi rawa ba. Na gaya wa kaina ai tukwane aka kira ni in duba, ƙashi aikin wasu ne.

Na tashi daga Gummi farkon damina cikin wata fijo da ta ga duniya. Kafin mu kai mararrabar Bukkuyum mun sauka sau biyu mun tura ta cikin taɓo, rigar da na ɗinka don Turai ta zama ta manomi. Kusa da ni wani dattijon Bafillace ne riƙe da rago tsakanin ƙafafunsa. Ya tambaye ni ina na nufa, na ce Ailan. Ya yi ɗan lissafi, sannan ya ce, "Bayan Yawuri ta ko?" Na ce e, ɗan gaba kaɗan. Ya ce in na isa in duba masa ko akwai ciyawa. A Anka muka canza mota, na kwana Gusau, washegari Kano.

Jirgin sama ba zan ɓata muku lokaci a kansa ba. Duk addu'ar da na iya na karanta, har da ta shiga kasuwa. A Landan wani ma'aikacin kwastan mai jajayen kunnuwa ya buɗe akwatina, ya ɗaga kilishin da surukina ya ba ni da yatsa biyu, ya jefa cikin kwandon shara ina tsaye ina kallo. Har yau in na tuna raina yakan ɓaci. Daddawar da Inna ta ƙunsa mini kuwa bai gan ta ba, domin cikin safa na cusa ta. Na yi ta murna na ci riba, ban san abin da za ta jawo mini ba.

Daga Dablin, babban birnin Ailan, bas na shiga zuwa arewa maso yamma. Abin da Dakta Nora ba ta rubuta a wasiƙa ba shi ne, hanyar tana ratsa wani yanki da ke hannun Ingila, kuma ana tashin hankali a can, bama-bamai da harbe-harbe. Muna cikin tafiya sai na ji motar ta yi tsit. Tsohuwar da ke kusa da ni ta zaro wani abu kamar carbi ta fara ja. Na leƙa, sai ga buhunan yashi da waya mai ƙaya, ga sojoji yara ƙanana sun shafa baƙi a fuska, bindiga a hannu. Biyu suka shigo. Ni kaɗai ne baƙin mutum a motar, kuma da hula zanna a kaina, saboda haka ba su sha wahalar zaɓe ba.

Aka sauko da akwatina bakin hanya, aka kawo kare. Karen ya nufi safar nan kai tsaye. Sojan ya zazzage, ƙulli uku baƙaƙe suka faɗo naɗe da ganye. Nan take kowa ya ja da baya, wani ya ɗaga bindiga ya yi mini tsawa in ɗaga hannu. Na ɗaga. Na ji fitsari na neman kufce mini. Turancin da na shekara goma ina koyarwa ya gudu, abin da ya rage a bakina kawai "miya, miya." Da ƙyar na haɗa kalmomi na ce abinci ne. Babbansu ya ce in abinci ne in ci. Haka na durƙusa a bakin titi a ƙasar mutane na gutsiri ɗanyar daddawa na tauna, bakin bindiga na kallona. Ya matso ya sunsuna, ya yi baya da sauri yana toshe hanci, sauran suka fashe da dariya. Da na koma mota sai tsohuwar nan ta miƙo mini alewa.

An sauke ni a gidan wata bazawara mai suna Birjit, a ƙauyen da tumaki suka fi mutane yawa. Mace ce mai kirki, amma kirkinta ya sha ba ni tsoro. Ranar farko na shiga ɗaki na miƙa ƙafa cikin bargo, sai na taɓa wani abu mai ɗumi mai laushi. Na yi tsalle na bugi ƙofa ina salati. Ashe wata jakar roba ce da suke cika wa da ruwan zafi don ɗumama gado. Da safe ta kawo mini naman alade soyayye, na yi mata bayani, ta riƙe baki ta ba ni haƙuri. Daga ranar sai ƙwai da dankalin Turawa. Dankali da safe, dankali da rana, dankali da yamma, har na fara mafarkin tuwon dawa. Ƙasa suke yankawa su shanya su hura wuta da ita, kare kuma a ɗakin girki yake kwana. Gaisuwarsu ba ta wuce kalma biyu, duk a kan ruwan sama, ba mai tambayar iyali balle gajiya. Rana kuma ba ta san faɗuwa ba. Ƙarfe goma na agogo gari na da haske, ina zaune ina jiran magariba kamar mai jiran baƙon da ya ɓata hanya.

Kabarin yana kan wani tudu, tafiyar rabin awa daga gidan. Ba irin namu ba ne. Tsibin duwatsu ne dogo, ya fi tsawon aji biyu na makarantarmu. A gabansa akwai fili zagayayye da aka kewaye da manyan duwatsu a tsaye, kamar ƙofar gida inda ake zaman makoki. Daga filin sai wata 'yar ƙofa, dutse biyu a tsaye ɗaya a kwance bisansu, sai ka sunkuya ka shiga. Ciki ɗaki biyu ne, ɗaya na bin ɗaya. Dakta Nora ta ce ya haura shekara dubu biyar, ya girmi dalar Fir'auna. Ta ce masu shi manoma ne da makiyaya, ba su san ƙarfe ba, kuma sukan ƙona mamatansu su kawo abin da ya rage nan tare da tukwane. Ta faɗi haka tana murmushi kamar mai nuna sabon ɗaki. Ni kuwa tsigar jikina ta tashi.

Mu shida ne a wurin: ita, da ɗalibanta uku, da ni, da wani tsoho ɗan ƙauyen mai suna Shemas wanda ke tura baro. Tun ranar farko na lura Shemas ba ya tsallake 'yar ƙofar nan. A fili yake tsayawa a miƙo masa bokiti. Da muka saba na tambaye shi. Ya waiga hagu da dama, ya ce wurin yana da masu shi, kuma ba a kiran sunansu, sai dai a ce mutanen kirki. Ya ce mahaifinsa ya taɓa ɗaukar dutse ɗaya daga nan ya gyara shinge, shekarar nan shanunsa suka ƙafe. Ya nuna mini wata bishiya mai ƙaya ita kaɗai a bayan tudun, ya ce duk sanyin da za a yi ba mai saran reshenta. Na ce masa mu ma muna da su, mutanen ɓoye muke cewa, kuma tsamiya suka fi so. Ya riƙe hannuna ya girgiza kamar ya ga ɗan'uwa. Na zo ina zaton Turawa sun gama da irin wannan tsoro, sai na tarar da shi yana jirana da hula a kai.

Mako biyu na farko lafiya lau. A wata rumfar kwano aka ajiye ni da tsingaro, in wanke, in jera, in faɗi abin da na gani. Nan kam na yi abin kai. Na nuna musu inda aka ɗora yumɓu zobe bisa zobe aka shafe, da inda aka goge bayan tukunya da ɗan dutse har ta yi sheƙi, da dakakken dutsen da aka zuba cikin yumɓu don kada ta fashe a wuta, yadda Inna ke daka tsohon tsingaro ta zuba. Tukwanen ƙanana ne, baƙi-baƙi, da kafaɗa a ƙasan wuya, ba ado ko ɗaya. In aka kai su kasuwar Gummi ba wanda zai waiga. Na fara cewa a raina alkawarina ya tsira.

A mako na uku ɗaya daga cikin ɗaliban ya yanke hannu da kwalba, aka kai shi asibiti. Dakta Nora ta leƙo rumfa ta ce, "Sani, kai za ka karɓi wurinsa a ɗaki na ciki." Na buɗe baki in ce a'a, kunya ta rufe shi. Mace ta ɗauko ni tun daga Gummi, ga 'yan mata biyu suna shiga suna fita suna waƙa, ni ƙato in ce ina tsoro? Ta ba ni ɗan cokalin magina da buroshi, ta maimaita mini dokar aikin. Duk abin da ka gani kada ka motsa shi sai an auna, an zana, an ɗauki hoto, an ba shi lamba. Ta ce a aikinsu inda abu yake kwance ya fi abin kansa daraja.

Na yi bisimilla na sunkuya na shiga. Rufin ɗakin ya daɗe da zubewa, ana ganin sama, amma sanyin ciki daban yake da na waje. Na durƙusa a kusurwar da aka ba ni na fara kankare ƙasa kaɗan-kaɗan. Kwana biyu ban ga komai ba sai gawayi. Rana ta uku wajen azahar bakin wata 'yar tukunya ya bayyana, tana kwance a gefe, rabinta ya fashe. Kusa da bakinta ƙasar ta yi baƙi ƙirin, cikinta da wasu farare-farare kamar gutsattsarin alli. Na share da buroshi. Sai ga wani ɗan abu kamar ƙwayar masara. Na ɗauka na juya shi a tafin hannuna kafin hankalina ya gaya mini ko mene ne. Haƙori ne, ɗan ƙarami, na yaro.

Ina da 'ya, Hadiza, shekararta uku. Ita ta faɗo mini a rai, sannan muryar Inna. Daidai lokacin ruwa ya sauko, na ji sauran suna gudu zuwa rumfa shan shayi, wani na kiran sunana. Ban amsa ba.

Ku da kuka taɓa haƙar kabari a garinmu kun san abin da ake yi. In ana haƙa aka ci karo da ƙashin wani na da, ba a ihu, ba a kiran jama'a. A tattara shi a hankali, a yi masa wuri a gefe, a rufe, kuma ba mai komawa gida ya ba da labari. Na ga an yi haka tun ina saurayi. Wallahi ban zauna na yi shawara ba, hannuwana ne suka yi abin da suka sani. Na zaro farin hankicina na shimfiɗa, na tsince gutsattsarin nan ɗaya bayan ɗaya har da baƙar ƙasar, duka bai cika tafi biyu ba. Na ƙulle, na fita ta baya cikin ruwa, na nufi bishiyar nan mai ƙaya, domin na san nan ne kaɗai ba mai taɓawa. Na haƙa rami iya gwiwar hannu na sa shi. Na rasa addu'ar da zan yi wa wanda ban san zamanin wane annabi ya rayu ba, sai na ce, "Allah kai ka san shi." Na rufe, na mayar da ciyawa. Da na ɗago, Shemas na tsaye jikin shinge da buhu a kansa yana kallona. Ya taɓa bakin hularsa ya juya.

Na ɗauka zan sami sauƙi, sai abin ya ninku. Da yamma zazzaɓi ya rufe ni. Birjit ta ce ruwa ne ya dake ni, ni kuwa na san abin da na taɓa. Tafin hannuna na dama ya riƙa yi mini zafi daidai inda haƙorin ya zauna, na wanke shi da sabulu ya fi sau goma. Na yi ta tunanin ko wani abu ya sami Hadiza, ga shi ba hanyar jin labarin gida. Da safe na lallaɓa na koma aiki don kada a yi zargi, sai na tarar da Dakta Nora durƙushe a kusurwata tana duban ramin da na bari kusa da tukunyar. Ta daɗe. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "An kwashe wani abu a nan."

Na ce ban sani ba. Ƙarya ta biyu ke nan, kuma ta fi ta farko sauƙin fita.

Ta tara mu a filin nan na gaban kabarin. Ta ce wurin yana ƙarƙashin dokar ƙasa, ɗaukar abu daga cikinsa laifi ne, in ba a faɗa ba dole ta sanar da 'yan sanda. Da na ji 'yan sanda sai buhunan yashin nan suka dawo mini. Baƙo, baƙar fata, a ƙasar da ake neman masu laifi ido rufe, wa zai tsaya ya saurari bayanin yadda ake haƙar kabari a Gummi? Na ga kaina a kurkuku, na ga takarda ta isa ma'aikatar ilimi a Sakkwato. Na ƙura wa takalmina ido.

Sai ta juya kan Shemas. Kowa ya san ba ya son aikin, ya sha faɗa a gabanta cewa a bar matattu su huta. Ta ce, "Shemas, jiya kai da Sani kaɗai ne ba ku zo rumfa da wuri ba, shi kuwa yana bakin aikinsa. Ka shiga?" Tsohon nan da bai taɓa tsallake ƙofar ba ya cire hularsa, ya dubi ƙasa, ya ce ba shi da abin faɗa. Ta ce to ya ajiye baro ya tafi gida, za a neme shi. Ya ajiye. Ya bi ta gabana zai wuce, bai ko saci kallona ba.

Wannan ne ya karya ni. Da ya nuna ni, da na ji haushinsa na sami abin riƙewa. Na ce, "Dakta, ni ne." Muryata ta fito kamar ta ɗan akuya.

Na faɗi komai. Fuskarta ta yi fari, sannan ta yi ja. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mini. Ta ce, "Sani, shekara dubu biyar yaron nan yana kwance yadda aka ajiye shi. Rana ɗaya tak muke da ita mu ga yadda aka ajiye shi, ko cikin tukunyar yake, ko gefenta, ko shi kaɗai ne. Ka shafe wannan, kuma ba mai iya mayar da shi."

Ni ma zuciya ta ɗebe ni, tsoro ya koma faɗa. Na ce, "Wadda ta ajiye shi ba don ku ta ajiye ba. Da ta san za ku zo da buroshi da ta kai shi wani wuri."

Ɗaliban suka sunkuyar da kai. Dakta Nora ta ce, "Wataƙila haka ne. Amma a tudun nan an fara kwasar duwatsu ana yin hanya, in ba mu ɗauke shi ba mota za ta ɗauke shi. Kai ka san inda ka sa shi. Kai za ka fito da shi."

Haka na koma gindin bishiyar nan, sauran na biye da ni, na durƙusa na tone yaron nan karo na biyu. Hankicin ya jiƙe ya yi baƙi. Shemas na tsaye nesa da hula a hannu, bakinsa na motsi. A rumfa aka shimfiɗa gutsattsarin kan takarda. Dakta Nora ta duba haƙorin da madubin ƙara girma, ta ce bai ma tsiro ba, yana cikin dasashi lokacin da yaron ya mutu, shi ya sa wuta ba ta fasa shi ba. Ta ce ba zai wuce shekara uku ko huɗu ba. Aka zuba shi a 'yar jakar takarda, aka rubuta lamba, aka sa a kwali tare da sauran kaya. Na fita bayan rumfa na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina.

Ba ta kira 'yan sanda ba, ba ta kuma kore ni ba. Ta je har gida ta ba Shemas haƙuri. A babban littafin aikin ta rubuta gaskiya, cewa an motsa ƙashin kafin a auna, ga sunan wanda ya motsa. Ta mayar da ni kan tsingaro, ni na haɗa 'yar tukunyar nan da gam. Ba ta fi kwanon sha ba, kuma a cikin kafaɗarta akwai shaidar babban yatsan wadda ta gina ta. Muka rabu da mutunci, amma ba kamar da ba. Ranar da zan tafi Birjit ta cusa mini burodi a jaka, Shemas ya raka ni bakin hanya ya tsaya har bas ta ɓace. Sojojin kan iyaka ba su ko dube ni ba a dawowa.

Na iso Gummi da la'asar. Abin da na fara yi shi ne ɗaga Hadiza sama ina dubanta gaba da baya, lafiyarta ƙalau, har ta yi kuka don na matse ta. Sannan na shiga wurin Inna. Tana zaune cikin yumɓu tana gina manyan tukwanen nan masu faɗin baki. Wanda ba ɗan garinmu ba sai in gaya masa, a unguwarmu da irinsu ake rufe kabari, a raba su biyu a jera bisa ramin ciki kafin a zuba ƙasa, kuma rabin maƙabartarmu da tukwanen Inna aka rufe ta. Muka gaisa, ta tambayi hanya. Sai ta ce, "Ba ni hannunka." Na miƙa. Ta riƙe, ta dubi idona, ta ce, "Ka taɓa."

Na zauna a ƙasa na gaya mata duka, tun daga ƙaryar kufai. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Yanzu yana ina?"

Na ce, "Cikin kwali, Inna. Wani babban gida can birninsu."

"Ɗan mutane," in ji ta. "To su ƙaƙa sunka san akwai mutum wurin, bayan wanga zamani duka?"

Na ce duwatsun ne suka fara nunawa, amma tsingaro ne ya tabbatar musu, domin itace da tufa da fata duk sun ruɓe, tukunya kuwa in ta sha wuta ba ta ruɓewa har abada.

Ta juya ta dubi tukwanen da ta jera suna shan iska, guda bakwai. Ta daɗe tana dubansu. A rayuwata ban taɓa ganin tsoro a fuskar Inna ba sai ranar. Ta ƙara damƙe hannuna, yumɓu duk ya shafe ni.

Ta ce, "Sani, in nir rasu, kak ku ruhe ni da tukwanena. Ku sa icce. Icce na ruɓewa shi bi ni, tukunya ita ka kiran mutane."

Na ce, "Inna, ai nan ba mai tona..."

Ta ce, "Uwar yaron can ma haka tac ce. Ka karya min alkawali guda. Ɗauki wanga."

Na ɗauka, wannan karon bakina na rawa.